Ƙaurar Faifan Kwamfuta: Daga ta Tebur Zuwa ta Tafi-da-gidanka

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa lissafi ne ke riƙe da ita. Kowace dabba da ta ƙetaro daga Jamhuriyar Nijar, da kowane buhun riɗi ko zoɓo da aka ɗauko daga ƙauyukan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai rubutu a kansa: nawa ne nauyinsa, wa ya kawo, nawa aka ba da kafin alƙalami, nawa ya rage bashi. A da, littafi da biro ke riƙe da wannan amana. Daga shekarar 2000, lokacin da aka kafa Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, da kuma 2001 da aka buɗe cibiyar koyar da ilmin kwamfuta ta Kazaure, sai kwamfuta ta fara samun gindin zama a ofisoshi da makarantun Jihar Jigawa, lissafi kuma ya rinƙa komawa cikinta.

Yawancin kwamfutocin wancan lokaci na tebur ne, wato masu babban akwati da allon kallo daban. Irin wannan kwamfuta, da an ɗauke wuta ta mutu nan take, kuma ba ta bin mai ita zuwa Dutse ko Kano. Ita kuwa ta tafi-da-gidanka tana da batir, cajarta galibi wat 45 ko 65 take ci, abin da ƙaramin farantin hasken rana zai iya ɗauka. Ba abin mamaki ba ne mutane su so komawa gare ta.

Mu ɗauki misalin akawun wani ɗan kasuwar riɗi. Shekara takwas yana aiki da kwamfutar tebur, duk lissafin maigidansa yana ciki, tare da manhajojin da ya saba da su. An sayo masa ta tafi-da-gidanka 'yar gwanjo. Sai ya yi tunani irin wanda kowane mai hankali zai yi: tun da komai a faifan ajiya yake, me zai hana a ciro faifan daga waccan a sa a wannan, a ci gaba da aiki? Amsar ita ce wani lokaci ya yiwu, wani lokaci kuma ya ƙi, kuma dalilan ƙin sun fi amsar amfani ga ɗalibi, domin a cikinsu ne za a fahimci yadda kwamfuta take tashi.

Abin da ke cikin faifan

Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, yana ɗauke da abubuwa iri biyu. Akwai kayan mai kwamfuta, wato takardu da hotuna da jadawalin lissafi. Waɗannan ba ruwansu da injin da suke ciki. Duk kwamfutar da ta iya karanta faifan za ta buɗe su. Sa'an nan akwai babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, wadda ke tafiyar da kwamfutar baki ɗaya. Ita wannan, ranar da aka girka ta, ta auna injin da ta tarar, ta daidaita kanta da shi, kamar rigar da tela ya ɗinka wa mutum ɗaya. Faifan da babbar manhaja ke ciki shi ne wanda kwamfuta ke tashi da shi, kuma ƙaurarsa ita ce darasinmu.

Jiki da wuta

Kafin a yi maganar manhaja, sai an ga ko faifan zai ma shiga. Faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a Amurka a 1956 yana da faranti 50, kowanne faɗinsa inci 24, amma haruffa kusan miliyan 5 kawai yake riƙewa, wato bai kai ya ɗauki hotuna kaɗan na wayar yau ba. Tun daga nan ake ta ƙanƙanta shi, har aka tsaya a kan girma biyu: mai inci 3.5 na kwamfutar tebur, da mai inci 2.5 na tafi-da-gidanka. Waɗannan sunaye ne kawai na gargajiya. In ka sa ma'auni, na tebur faɗinsa wajen milimita 102 ne, kaurinsa wajen 26, shi kuwa ƙaramin faɗinsa wajen milimita 70, kaurinsa 7 ko 9.5. Babu dabarar da za ta cusa babban a gurbin ƙarami.

Abin da ke ruɗa ɗalibai shi ne, bakin jona su iri ɗaya ne. Tun daga 2003 da tsarin SATA ya fara maye gurbin tsohon tsarin IDE, manya da ƙananan faifai duka suna da haƙora 7 na saƙo da 15 na wuta. Sai mutum ya ce to, bari in sayi wayar da ke haɗa SATA da USB in jona babban daga waje. Ya jona, faifai ya yi shiru. Dalili kuwa shi ne, injin da ke juya farantin babban faifai, sau 7,200 a minti ɗaya a yawancinsu, yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12, ban da bolt 5 na sauran kayan cikinsa. Ƙaramin faifai bolt 5 kaɗai yake so, kuma ita ce ramin USB na yau da kullum ke bayarwa. Saboda haka duk wanda zai jona babban faifai ta waje, sai ya nemi akwatin jonawa mai tasa cajar ta bolt 12.

Idan an yi sa'a kwamfutar tebur ɗin tana da faifan SSD, wanda ba ya da faranti ko wani abu mai juyawa, to galibi mai inci 2.5 ne, zai shiga duk tafi-da-gidankan da ke da irin wannan gurbi. Amma sababbin kwamfutoci da yawa sun daina zuwa da gurbin. Abin da suke da shi ɗan siririn kati ne da ake kira M.2, wanda aka fi samu da lamba 2280, ma'ana faɗi milimita 22, tsawo 80. Shi ma kala biyu ne, mai magana da harshen SATA da mai magana da harshen NVMe, kuma ba kowane gurbi ke karɓar duka biyun ba. Wasu ƙananan kwamfutoci masu araha ma an narka ma'ajiyarsu ne a jikin babban allon ciki, ba abin da za a cire balle a sa. A duba littafin kwamfutar tukuna kafin a kwance kusa ko ɗaya.

Yadda kwamfuta ke tashi

A ce faifai ya shiga, ya sami wuta. Yanzu aka zo wurin da ya fi ban sha'awa. Lokacin da ka danna maɓallin kunnawa, Windows tana kwance a faifai, ba ta san ma an kunna ba. Wadda ke fara farkawa wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira madabod. Aikinta ta duba kayan injin, ta nemo faifai, ta tayar da babbar manhaja, ta miƙa mata ragama. Tsohuwar irinta ita ce BIOS, sabuwar kuma UEFI, kuma kowacce da yadda take neman abin da za ta tayar.

BIOS takan je gidan farko na faifai, mai bait 512, wanda ake kira MBR. Tun 1983 ake amfani da wannan tsari. A nan take samun umarnin tashi da taswirar yadda aka rarraba faifan. Ga wani ɗan lissafi da ya kamata ɗaliban ajin ƙarshe su yi da hannunsu. MBR yana ƙirga gidajen faifai da lamba mai gurbi 32 a lissafin sifili da ɗaya, wato iyakar abin da zai iya ƙirgawa shi ne 2 a ninka ta da kanta sau 32, wanda ya ba da 4,294,967,296. A ninka wannan da 512, za a sami bait 2,199,023,255,552, wato terabait 2 da 'yan kai. Duk abin da ya wuce haka a faifai, MBR ba ya ganinsa. Waɗanda suka tsara shi ba su yi kuskure ba. A zamaninsu faifan megabait 10 abin alfahari ne.

UEFI kuwa takan nemi wani ɗan keɓaɓɓen yanki ne a faifan da aka tsara da sabuwar taswira mai suna GPT, ta buɗe fayil ɗin tashi da ke ciki. To, idan akawunmu ya ɗauko faifan da aka girka wa Windows a tsarin BIOS da MBR, ya sa a kwamfutar da UEFI kaɗai ta sani, za ta duba ba ta ga yankin da take nema ba, sai ta rubuta masa cewa babu abin tashi. A nan ne hankalin mutane kan tashi, su ɗauka komai ya goge. Ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Wasu kwamfutocin suna da zaɓi a cikin saitinsu, mai suna Legacy ko CSM, da ke sa UEFI ta kwaikwayi BIOS, amma daga wajejen 2020 masu ƙera kwamfuta suka rinƙa cire shi. Akwai kuma wata 'yar manhaja mai suna MBR2GPT da ke zuwa tare da Windows 10 tun 2017, wadda ke sauya taswirar ba tare da share kaya ba. Mai son sanin tsarin da tsohuwar kwamfutarsa ke kai, sai ya rubuta msinfo32 a wurin bincike na Windows, ya duba layin da ke nuna yanayin BIOS.

Tafintoci

A kasuwar kan iyaka, in Bature mai Faransanci ya zo sayen fata wurin wanda Hausa kaɗai yake ji, ciniki ba ya faɗawa sai da tafinta. Haka babbar manhaja take da kayan injin. Kowane ɓangare, allon kallo ne, ko lasifika, ko na'urar kama intanet, yana da 'yar manhajar da ke fassara tsakaninsa da Windows, ita ake kira direba. Faifan da ya yi ƙaura ya taho ne da tafintocin tsohon gida.

Rashin yawancinsu ba ya hana tashi. Iyaka sauti ya ɗauke, ko rubutu ya yi manya-manya, har a girka sababbi. Guda ɗaya ne rashinsa ke kashe tafiya, wato direban da ke magana da na'urar da faifan kansa ke jone da ita. Dubi tarkon da ke nan: Windows tana buƙatar wannan direba domin ta karanta faifai, shi kuma direban a cikin faifan yake. Idan wanda ta shirya tun farko bai dace da sabon injin ba, sai ta tsaya a tsakiyar tashi, allo ya yi shuɗi, ya nuna lambar kuskure 0x7B ko rubutun da ke cewa ta kasa kai wa ga faifan tashi. Sau da yawa maganin yana cikin saitin kwamfutar, inda ake zaɓar yadda za a yi magana da faifai, ko AHCI ko RAID; a mayar da shi irin na tsohuwar kwamfutar.

Windows XP ta 2001 da Windows 7 ta 2009 sun yi ƙaurin suna wajen wannan taurin kai. Daga Windows 8 ta 2012 zuwa sama abin ya yi sauƙi, domin sukan lura an sauya musu gida, su ɗan daɗe a tashin farko suna neman direbobin da suka dace. Linux ta fi su sauƙin hali, saboda takan zo da mafi yawan direbobinta a tare, ta zaɓi wanda ya dace a kowane tashi. Wani abin lura a gefe: ranar 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta abin da ya zama Linux, bayan kwana biyu kuma, ranar 27 ga wata, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Sa'o'in juna ne.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu mazauna kan iyaka. Kwamfutocin gwanjo da suka fito daga Faransa, irin waɗanda ake samu a Nijar, jerin haruffansu ya bambanta da wanda muka saba. Inda namu ke da Q nasu A ne, inda namu ke da W nasu Z ne, harafin M ma ya sauya wuri. Windows ɗin da ta yi ƙaura tana nan a kan tsohon jeri, saboda haka mutum zai danna maɓallin da aka rubuta wa A, ita kuma ta karanta Q. Tun da kalmar sirri ba ta bayyana a allo, sai ya yi ta bugawa ana ce masa ba daidai ba ne, alhali bai manta komai ba.

Makulli da lasisi

Wannan sashe shi ne mafi haɗari, ina roƙon malamai su jaddada shi. Windows tana da tsarin kulle faifai mai suna BitLocker, wanda ke rikita duk abin da ke ciki ta yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba. Mabuɗin yana ajiye a wani ɗan guntun ƙwaƙwalwa da ke jikin madabod, mai suna TPM. Faifai ya yi ƙaura, mabuɗi ya zauna a tsohon gida. Sabuwar kwamfuta za ta buƙaci lambar ceto mai alƙaluma 48, in babu ita kuwa, babu mai gyaran da zai iya buɗe shi, ko a Kano ko a Legas. A kwamfutocin zamani wannan kulli kan kunna kansa ba tare da mai ita ya lura ba. Don haka kafin a taɓa faifai, a duba ko a kulle yake, a rubuta lambar ceto a takarda, ko a kashe kullin tun faifan yana tsohon mazauninsa. Haka kuma 'yar gajeruwar lambar sirrin nan da ake shiga Windows da ita, ita ma da TPM aka ɗaure ta. Bayan ƙaura sai an nemo cikakkiyar kalmar sirri.

Lasisi kuwa, wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta nata ne, ba ya bin faifai. Wanda aka saya daban ne ake iya mayarwa wata. Abin sauƙin shi ne, tun daga zamanin Windows 8 kwamfutoci da yawa suna zuwa da nasu lasisin a rubuce a jikin madabod, sai dai dole nau'in ya zo ɗaya: lasisin Home ba ya buɗe Pro. Manhajojin lissafin kasuwanci da aka biya kuɗinsu su ma wasu sukan nemi a sake yi musu rajista.

Shawarata ga akawu

Ni dai ban cika son a ɗauki faifan asali a kai shi sabon gida ba, ko da zai shiga. Dalilina shi ne, da zarar Windows ta fara sauya direbobi a cikinsa, in abin ya cije a tsakiya, mai yiwuwa ya ƙi tashi a nan, ya ƙi a can. Faifan da ya shekara takwas yana juyawa cikin zafi da ƙurar arewacin Jigawa kuma, ba shi ne za a rinƙa yawo da shi a jaka a bayan babur ba.

Abu na farko, a kwafe kayan aiki zuwa wani faifai na waje, a kai shi wata kwamfuta a buɗe jadawali biyu ko uku a tabbata suna buɗuwa. Kwafin da ba a gwada ba, zato ne. Bayan haka sai a zaɓi ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai a yi wa faifan tagwai, wato a kwafe shi gida-gida zuwa sabon SSD da ya dace da tafi-da-gidankan, da manhaja irin Clonezilla wadda kyauta ce, a yi duk gwaje-gwaje a kan kwafin. Ko kuma a girka sabuwar babbar manhaja a tafi-da-gidankan, a zuba mata kayan da aka kwafe, a sake girka manhajojin aiki. Hanya ta biyu ta fi cin lokaci, amma ta fi tsabta, kuma ita kaɗai nake ba da shawara idan tsohon faifan Windows 7 ke kansa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, ita ma Windows 10 ya daina ba ta kulawar yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 ta 2021 kuwa tana sharɗanta UEFI da TPM 2.0, abin da ya kamata mai sayen 'yar gwanjo ya tambaya tun kafin ya biya.

A yi lissafin lokaci saboda wuta. Gigabait 200 megabait 200,000 ke nan. Ta ramin USB 2.0, wanda a aikace yake kwashe wajen megabait 30 a daƙiƙa, aikin zai ci daƙiƙa kusan 6,700, wato awa biyu ba kaɗan. Ta USB 3.0, in faifan yana ba da megabait 100 a daƙiƙa, minti 33 da 'yan kai sun isa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yin tagwai, sai an faro daga farko. Kada a manta a sauko da direban kama intanet na sabuwar kwamfutar a ajiye a filasha tun da wuri, domin in babu shi ba hanyar sauko da sauran, sai dai a jona wayar hannu da kebul a ari nata intanet ɗin.

Ranar kwancewa, a kashe kwamfutar tebur kashewa ta sosai, a zare wayarta daga bango, a cire batirin ta tafi-da-gidanka in yana ciruwa. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, jikin mutum kan tara wutar da ke yin ƙyas in ya taɓa ƙofar mota ko ya tuɓe rigar sanyi. Wannan ɗan tartsatsi dubban bolt ne, ya isa ya ƙona kayan lantarkin faifai. A taɓa ƙarfen akwatin kwamfuta kafin a kama faifai, a riƙe shi ta gefe, ban da koren allonsa. Murfin faifan kansa kuwa ba a buɗe shi ko kaɗan. Tazarar da ke tsakanin allurar karatu da faranti 'yan nanomita ce, ƙwayar ƙura guda ta ninka ta sau ɗaruruwa.

Shi kuma tsohon faifai, a rubuta masa kwanan wata a jiki, a sa shi a ledar da sabon ya zo a ciki, a kulle a durowa. Kada a share shi sai an yi aƙalla kakar riɗi guda da sabuwar kwamfuta, an ga lissafi ya fita daidai.

Aiki a aji

Malamin da ke da matattun kwamfutoci a ɗakin ajiyar makaranta yana da kayan darasi a hannu. Ya ciro babban faifai ɗaya da ƙarami ɗaya, ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, su auna faɗi da kauri da rula, su ƙirga haƙoran bakin jonawa, su karanta takardar da ke manne a bayan kowanne. A jikin babban za su ga an rubuta 5V da 12V tare da yawan amfiya da kowacce ke ja, a jikin ƙaramin kuma 5V kaɗai. Su ninka bolt da amfiya su fitar da wat na kowane faifai, sa'an nan su gwada da abin da ramin USB 2.0 ke iya bayarwa, wato bolt 5 da rabin amfiya, su faɗi da kansu wane faifai ne zai tashi a kansa.